Mai kallo ya riga ka isa ƙarshen fim

Ƙannena masu rubuta labarin fim, ku daina ɗaukar mai kallo a matsayin wanda sai an kama hannunsa. Mutanen nan sun sha fina-finan Indiya tun zamanin sinimomin Kano irin su Plaza da Marhaba, sannan tun fitowar Turmin Danya a 1990 suke kallon namu. Idonsu ya goge. Amarya ta yi amai, sun san ciki ne. Dattijo ya yi tari ya duba hankici, sun fara jiran zaman makoki. Ba su san sunan Chekhov ba, marubucin nan na Rasha da ya ce bindigar da aka rataye a bango a farkon wasa dole a harba ta, amma dokarsa a jininsu take: duk abin da kyamara ta tsaya a kai, da magana.

Ni ban gane haka da wuri ba. Na taɓa rubuta labarin wani Alhaji da aka kwashe masa takardun fili, kuma ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ne ɓarawon. Don kada a ce ƙarshen ya faɗo daga sama, sai na sa ƙanin ya saci kallon makullin durowa. Na ga kamar bai isa ba, na sake sa shi ya kalla. Wajen tacewa aka matso da fuskarsa, aka ɗora kiɗan nan mai faɗar da gaba. Da na zauna kallo a wata majalisa, ko shayi ba a gama zubawa ba wani yaro ya ce, "Wallahi wannan ne zai cuci Alhaji." Daga nan ba wanda ya ƙara tausaya wa Alhajin, haushin wautarsa kawai ake ji.

A aiki na gaba kuma sai na zarce gona da iri, na ɓoye komai, mai laifin ya zama direban da ba a taɓa jin muryarsa ba. Aka ce na raina wa mutane hankali, kuma da gaskiyarsu.

Alama tana ɓuya ne idan tana da wani aikin a cikin fitowar. A ce Alhaji zai yi alwala, makullai suna ƙara a aljihun jamfarsa, ƙanin ya ce, "Yaya, kawo in riƙe maka." Mai kallo ya gani da idonsa, amma ladabi ya karanta, ya wuce. Sai ranar tonon asiri zai dafe kai. Irin wannan aka yi a fim ɗin Amurka The Sixth Sense na 1999: matar jarumin tana zaune a gidan abinci ba ta kula shi, kowa ya ɗauka fushin aure ne, alhali mutumin ya riga ya mutu.

Ku kuma sa baki wajen rabon matsayi, ko da furodusa zai ɓata rai. In aka ba ɗan wasan da kowa ya san shi da fitowa a mugu matsayin amini, fosta ma ta gama tona ku. Abin ya fi tsanani a fim mai dogon zango, inda mutane ke da mako guda cur suna tankaɗe da rairaya kafin fitowa ta gaba.

Wani lokacin ma ɓoyon ne kuskuren. Hitchcock, daraktan fina-finan nan ɗan Ingila, ya kawo misalin bam a ƙarƙashin tebur: in ya tashi ba wanda ya sani, razana ce ta 'yan daƙiƙoƙi; in an nuna wa masu kallo shi tun farko, za su yi minti goma sha biyar rai a hannu. Da na nuna ƙanin yana buɗe durowar tun farko, da duk lokacin da Alhaji ya tura masa kwanon tuwo ya ce, "Ci mana, kai kaɗai na yarda da kai a gidan nan," sai cikin mai kallo ya juya.