Tabarmar Inna mai kifi a Madarunfa

Ranar Lahadi na kwashi yara muka tafi Madarunfa shan iskar tafki. Daga Maradi tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba.

Akwai wata tsohuwa mai suyar kifi a bakin ruwa, tun ina lakwal nake saye wurinta, kowa Inna yake ce mata. Mun iske tabarmarta cike. Ga Bafulatana ta sauke ƙwaryar nono, ga wani Buzu da rawaninsa yana dafa shayi bisa gawayi, ga samari biyu 'yan Jibiya da suka tsallako iyaka ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da tafkin.

Sai ga wani Bazabarme, malamin makaranta da aiki ya kawo garin, ya yi sallama da Hausarsa a karye. Yarana suka fashe da dariya. Inna ta ɗago kai daga kasko ta ce, "Kai, ku bari! Ɗana ne. Ku kun iya Zabarmanci, ko kalma guda?" Ta zaɓo masa karfasa mafi girma, ta barbaɗa yaji, ta ƙi karɓar ko dala.

Wallahi kunya ta kama ni, don a gidana suka koyi wannan dariya. Mu Katsinawan Maradi, ai kakanninmu ma baƙi ne, yaƙin jihadi ya koro su zuwa wannan gulbi.

Kafin la'asar malamin ya koya wa autata "fofo", wato "sannu" da Zabarmanci. Ta yi ta maimaitawa a mota har muka iso gida.