Kafin ka ba da kuɗin sifika, ƙanina

Ƙannena masu tasowa a harkar waƙa da kiɗa, kun sha tsayar da ni kuna tambaya wace sifika za ku saya, wace amfilifaya (na'urar ƙara wa sauti ƙarfi), wace mikisa (na'urar haɗa sautuka). Amsar da nake ba ku a tsaye ba ta isa ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Na daɗe ina buga fiyano ina raka mawaƙa gidajen biki da majalisi, a cikin Kano da ƙauyukan kewaye, kuma yawancin abin da na sani game da kayan sauti sai da na yi asara sannan na koye shi. Ba na so ku bi ta inda na bi.

Kayana na farko da kuɗin adashi na saya. Mai shago ya nuna mini manyan sifiku biyu, an rubuta 5000W, wato wat 5000 na ƙarfin wuta, da manyan haruffa a jikin kwali. Ya kunna mini kiɗa a shagon da bai fi faɗin ɗaki ɗaya ba, bas ya girgiza kwanon rufi, ni kuwa hankalina ya kwanta, na ƙirga kuɗi. Ranar da muka kafa su a filin wata makarantar firamare don kamu, sai sautin ya watse a iska. Matan da ke kujerun baya suna ganin bakin mawaƙi yana motsi, amma baiti ɗaya bai isa kunnensu a fayyace ba. Mawaƙin ya yi ta ɗaga murya har ta dishe kafin magariba.

A ƙasan waccan lambar akwai ƙananan haruffa huɗu da ban kula da su ba: PMPO. Wannan awo ne da ba shi da ƙa'idar da aka yi ittifaƙi a kai, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Lambar da za ka nema ita ce ta RMS, wato ƙarfin da sifika za ta iya ɗauka a jere, awa bayan awa, ba tare da ta ƙone ba. Da mai gyara ya kwance nawa, abin da aka rubuta a bayan maganaɗisun bai kai kashi ɗaya cikin goma na lambar kwalin ba.

Ko ita lambar gaskiyar ma kada ta ruɗe ka. Idan ka ninka wat sau biyu, disibel (ma'aunin ƙarar sauti) 3 kacal ka ƙara, ɗan bambanci ne da kunne zai ji amma ba zai cika fili ba. Kafin kunne ya ce sauti ya ninka, sai ka ƙara wajen disibel 10, wato wat ninki goma. Don haka ka duba wata lambar da masu shago ba sa ambata, wadda ke nuna yawan ƙarar da sifika ke fitarwa da wat 1 a nisan mita 1. Mai ba da disibel 95 sai ta sha wuta ninki biyu kafin ta kamo mai ba da 98. A buɗaɗɗen fili kuma, duk sanda nisa ya ninka, sauti na raguwa da kusan disibel 6, ga jikin mutane da tufafinsu suna shanye siririn sauti, wanda shi ne ke fayyace kalmomi. Ranar da na sayi ƙafafun ɗora sifika na ɗaga su sama da kawunan jama'a, na sami abin da ƙarin wat bai taɓa ba ni ba. Kuma in za ka je saye, ka tafi da makirufonka, ka sa a fito da sifikar bakin shago, ka ja da baya taku ashirin wani ya yi magana ka saurara. Waƙarmu ta Hausa magana ce, kirari ne da ambaton sunaye da nasaba. In ba a ji sunan uban ango ba, ba a yi komai ba, komai daɗin bas.

Kuskuren da har yanzu nake jin nauyinsa a raina shi ne na om, wato ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wutar amfilifaya; in lambar ta ragu, amfilifaya ta fi shan wahala. Aka gayyace mu wani babban biki, na ga sifiku biyu ba za su isa ba, na aro wasu, na jona huɗu a gefe ɗaya na amfilifaya, wannan na karɓa daga waccan. Kowace om 8 ce. In ka jona biyu ta wannan hanya sun koma om 4, in huɗu ne sun koma om 2. A bayan amfilifayata an rubuta ƙarara cewa kada a sauka ƙasa da om 4, ni ban taɓa juya ta na karanta ba. Ta yi ta jan wutar da ta fi ƙarfinta tana ɗaukar zafi, har murfin ya gagara taɓawa. Daidai lokacin da ƙawaye suka fito da amarya, mawaƙi ya ɗauki baitin da aka biya shi dominsa, sai fitilar kariya ta kama, komai ya ɗauke. Da tafi da guɗa aka shigo da yarinyar. Mahaifiyarta ba ta yi mini faɗa ba, ta ce dai Allah ya kiyaye gaba, ta kuma cika mana kuɗinmu. Wannan ya fi mini zafi da a ce ta zage ni, domin ranar ba ta dawowa.

Akwai kuma jar fitilar da ke ƙyaftawa a gaban amfilifaya ko mikisa. Da can ina ɗaukarta alamar kaya na aiki sosai. Ashe gargaɗi ce: na'urar ta kai maƙura, ta fara yanke kan sautin, kuma wannan gurɓataccen sauti shi ke cinye ƙaramar sifikar sama, tuwita. Sau uku ina canza tuwita ina zargin mai gyara, alhali ƙaramar amfilifaya nake matsa wa. Amfilifayar da ta ɗan fi RMS ɗin sifika, kamar ninki ɗaya da rabi zuwa biyu, kana tafiyar da ita cikin nutsuwa, ta fi aminci a kan ƙarama da kake murɗewa har ƙarshe.

Yau da zan fara daga farko, sifiku biyu masu inci 12 da amfilifaya a cikinsu zan saya, irin su Yamaha DBR ko JBL EON. Kamfani ya riga ya daidaita amfilifayar da sifikar, ya sa abin da ke hana ta wuce iyaka, lissafin om ya fita daga kanka, ga sauƙin ɗauka. Sai dai kowace tana buƙatar wayar wutarta, ba sa son zama cikin ranar watan Afrilu, kuma in allon cikinsu ya ƙone ba kowane mai gyara ke da kayansa ba. Ka fara zuwa wurin wanda zai riƙa yi maka gyara ka tambaye shi wacce yake samun kayanta.

Mikisa kuwa, ramukan makirufo za ka ƙirga da yatsanka. Yamaha MG10XU tana da 10 a sunanta, amma makirufo huɗu take ɗauka, sauran na fiyano ne da makamantansa. Ga mawaƙi ɗaya da 'yan amshi biyu ta wadatar. In majalisi ne mai sha'irai da yawa da masu mandiri, za ta yi maka kaɗan tun ranar farko. Ka tabbata tana da mafitar da za ka ba mawaƙi ƙaramar sifika a gabansa ya ji kansa, domin wanda ba ya jin muryarsa ihu zai yi ta yi. Eko kuma a taƙaita. Na san muna son sa, ni ma na shekara ina cika shi, sai da na saurari wani majalisinmu da aka naɗa na ji yadda kalma ke hawa kan kalma.

Wannan kukan mai tsinka kunne da kan tashi tsakiyar taro, sauti ne ke fita daga sifika ya koma cikin makirufo ya yi ta zagaye. Ka sa sifiku a gaban mawaƙa suna fuskantar jama'a, ka hana mawaƙi dunƙule kan makirufo da tafin hannu. Shure SM58 tun 1966 ake yin sa kuma yana jure wahala, amma jabunsa ya cika kasuwa. In ka ji farashin ya yi araha ƙwarai, ka ajiye.

Sai wuta. Kada ka dogara da wutar gidan biki, kada kuma ka yarda a haɗa kayanka a janareta ɗaya da firji ko injin ruwa, domin duk sanda suka tashi wutar kan faɗi, kayanka ne ke sha. Ƙaramin janaretan nan da ake kira taiga ba na wannan aikin ba ne. Ka tayar da inji ya daidaita tukuna, ka bi ta sitabilaiza, ka kunna mikisa, amfilifaya ta zo ƙarshe. In an tashi, amfilifaya za ka fara kashewa, don kada wannan bugun ya daki sifika. Bayan kowane fita lokacin hunturu, ka hure ƙurar da ta toshe fankar.

Tsofaffin akwatunan sifikuna sai mutum biyu ke ɗaga ɗaya, kuma ba sa shiga adaidaita sahu, kullum sai an ɗauki hayar mota, rabin abin da aka samu ya tafi can. Bayana ma ya karɓi rabonsa. Ka auna kayan da motar da za ka iya biya da kuma hannayen da kake da su ƙarfe ɗaya na dare, lokacin da kowa ya watse.

Kunnena na hagu yana ƙara yanzu, siririyar ƙara da ba ta tsayawa, na fi jin ta bayan sallar isha'i in gari ya yi shiru. Shekaru na yi ina ajiye fiyanona dab da sifika. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a disibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin disibel 3 yana raba lokacin gida biyu. Gaban sifikar biki ya zarce haka nesa ba kusa ba. Jijiyoyin ji in sun mutu ba sa tsirowa. Ka matsar da mazauninka bayan sifiku, ka sayi abin toshe kunne na makaɗa ka ajiye shi a jaka ɗaya da makirufonka, yadda ba za ka fita ka manta shi ba.