Ɗan gida da ya koma baƙo

Asabar, Gombe

Yau hazo ya wuni a gari, kasuwa ba ciniki, sai na rufe shago bayan la'asar na wuce Pantami wurin abokina mai gyaran waya. Ya daɗe yana yi mini maganar wani fim, Heremakono, na Abderrahmane Sissako, ɗan Muritaniya da aka haifa a Kiffa a 1961, ya tashi a Mali, ya koyi harkar fim a Mosko. A kwamfutarsa muka kalla, masu karɓar waya na ta shigowa suna katse mu.

Fim ne na 2002, ba na manyan kamfanoni ba, kuma shi ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 2003. Babu faɗa, babu gudun mota. Wani saurayi ne, Abdallah, ya zo wurin mahaifiyarsa a Nuwadibu, wani gari a Muritaniya inda rairayin Sahara ya haɗu da teku, kafin ya wuce Turai. Garin uwarsa ne, amma ba ya jin Hassaniyya, harshen mutanen wurin. Kowa da babbar riga, shi da shat da wando. Ɗakinsa na da wata 'yar taga can ƙasa, sai ya wuni yana kallon ƙafafun masu wucewa, takalmi bayan takalmi. Wani ƙaramin yaro, Khatra, mai koyon aikin wutar lantarki a hannun tsoho Maata, shi ke koya masa kalmomi ɗaiɗai.

Abokina ya ce fim ɗin na jan ƙafa. Ni kuwa ban ga laifin hakan ba, don haka zaman irin waɗannan garuruwa yake: a sha shayi, a jira mota, a jira labarin wanda ya tafi. Abin da ya taɓa ni shi ne ba a mai da Abdallah mai girman kai ba, ba a kuma mai da mutanen garin ƙauyawa ba. Finafinanmu sukan ɗauki ɗaya daga cikin biyun.

Da na koma gida bayan magariba na tarar da Goggo tana yi wa ɗan yayana, wanda ya zo hutu daga Legas, magana da Fulatanci. Shi dai murmushi kawai yake yi, hannunsa riƙe da ƙwaryar fura, ya rasa ko ya sha ko ya ajiye. Ta juyo ta ce mini, “Kai, wannan ɗan naku ko amsa gaisuwa bai iya ba?” Ba da faɗa ta faɗa ba, amma na san abin ya yi mata ciwo, shi ma yaron ya sunkuyar da kai.

Na ce, “Goggo, ki ba ni shi.” Gobe in Allah ya kai mu zan tafi da shi Dukku wurin Baffa, ya kwana cikin sa'o'insa. Wayarsa kuma a hannuna za ta zauna.