Ashe laifin bayanina ne

Kwana uku ina zargin wakilin AI ɗin da nake haɗa wa shagon yayana, wato manhaja mai amsa tambayoyi a kan harkar shagon. A tambaye shi buhun shinkafa nawa ya rage, sai ya kawo lissafin cinikin jiya. Daren jiya na zauna na karanta bayanin da na rubuta wa kayan aikinsa, wato ƙananan manhajojin da yake kira don samo amsa, a tsarin MCP mai haɗa AI da irin waɗannan kayan aiki, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Ɗaya na rubuta masa "duba kaya", ɗayan kuma "duba bayanan kaya". Wallahi ko mutum aka miƙa wa wannan, sai ya rikice.

Shi fa wakilin ba ya ganin cikin manhajar. Sunan kayan aikin, bayaninsa da tsarin JSON (jerin abubuwan da za a cike in za a kira shi) kawai yake karantawa, da su yake yanke hukunci. Na sake rubutawa dalla-dalla: aikin kowanne, lokacin da bai kamata a kira shi ba, ko adadin na buhu ne ko na mudu, har da yadda ake rubuta kwanan wata.

Sai na jera tambayoyi 20 irin waɗanda Yaya ke yi, ina duba wanne zai zaɓa. Biyu har yanzu suna ruɗa shi, duka a kan kayan da aka ɗauka bashi. Gobe in Allah ya kai mu, nan zan koma.