Daren jiya a Barnawa

Har yanzu kunnuwana na amo, murya kuma ta dushe. Jiya ƙanina ya ja ni unguwar Barnawa a Kaduna kallon wasu samari masu kiɗan rok, su huɗu kacal: masu jita biyu, mai ganguna, sai mawaƙi.

Wallahi ba ɗaya ba ne da sauraro a waya. Dukan gangar nan a ƙirji nake jinsa. Zufa na ɗiga daga haɓar mai jita, tsirkiya ɗaya ta tsinke, ko a jikinsa. Can sai ya juya salo irin na Buzayen Agadas, wuri ya kaure da ihu! Wani bawan Allah da ban sani ba ya dafa kafaɗata muna ta tsalle.

Sai ƙarfe 1 muka haye gada zuwa Kawo.