Lasifikar da jitata ta yarda da ita

Wata uku ina kaɗa jita ta cikin Line 6 Helix, na'urar da ke kwaikwayon sautin amfilifaya, da abin kunne kawai. Ranar da na jona Helix da tsohon amfilifayana, sautin ya fito a dishe, kamar an lulluɓe shi da bargo. Ashe Helix ya riga ya kwaikwayi akwatin lasifika, ni kuma na ɗora masa wani.

Sai na nemi lasifika mai amfilifaya a ciki, wadda ba ta yi wa sauti kwalliya. Mai inci 12 akwai amo kam, amma ƙuguna ya ce bai yarda ba. Na ɗauki Yamaha DBR10 mai inci 10, nauyinta bai kai kilo 11 ba. Nakan kwantar da ita tana kallon fuskata, in rage bes, don daɓe na ƙara masa kauri.