Tsinkar inabi a Shampan: biyan kilo ya cuce mu

Na yi aikin kakar inabi a wani ƙauye kusa da garin Épernay, a yankin Shampan na Faransa, inda ake noman inabin yin giya, kuma har yau in na tuna yarjejeniyar da aka ƙulla da mu raina yana ɓaci. Wani ɗan kwangila ne ya kwashe mu daga birnin Reims, ya ce kilo za a biya, ba awa ba, mai zafin hannu ya samu kuɗi. Bai gaya mana gonar da za a saka mu ba.

A yankin Shampan doka ta hana girbi da inji, sai da hannu da almakashi, shi ya sa ake neman ma'aikata sama da 100,000 duk kaka. Dalilin yana cikin inabin kansa. Iri uku aka fi nomawa: Chardonnay fari ne, Pinot Noir da Meunier baƙaƙe ne, amma farar giya ake so daga gare su. Launin yana cikin ɓawo, ruwan ciki garau yake. Da zarar 'ya'yan sun fashe a kwando, ruwan ya rine. Dole nonon inabin ya isa wurin matsa lafiyayye, inda kilo 4,000 ba a yarda a tatsi fiye da lita 2,550 daga cikinsa ba.

Mu kuwa gonar Meunier aka ba mu, wadda ruwan sama ya sa ta fara ruɓewa. Kana durƙushe tun safe, don itacen gajere ne, kana cire ruɓaɓɓun ɗaya bayan ɗaya. Wannan wahalar duk sikeli bai san da ita ba. Waɗanda mai gona ya ɗauka da kansa, ana biyansu da awa, sun fi mu samu nesa ba kusa ba. Ranar sallama kuma aka zabtare mana kuɗin makwanci da na mota.

Wanda ke shakkar halaccin aikin ya tambayi malaminsa tun kafin ya hau mota. Ni ma abin ya tsaya mini a rai. In dai za ka je, nemi mai gonar kai tsaye, a rubuta kwantiragi, a faɗi abin da za a cire. Kuma kada neman kilo ya hana ka shan ruwa: a kakar 2023 wasu ma'aikata sun mutu a gonakin nan lokacin tsananin zafi.